Gwangwanin siminti da ɗan Yaya

Wata ranar Lahadi da la'asar na dawo daga kasuwar Gujungu ke nan, ko takalmi ban cire ba, sai ga Yaya ta yi sallama. Ɗanta na biye da ita, kai a sunkuye, yana jan wani abu a ƙasa. Bututun famfo ne mai tsawon kamu uku, an cusa kowane gefensa cikin babban gwangwanin madara, an ɗura siminti ya daskare.

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa. Ta ce, "Malam, ga ɗanka nan. Ka raba ni da wannan jaraba. Yaro ya ƙi tsawo, duk sa'anninsa sun kere shi, shi kuma ya zauna yana danne kansa da siminti."

Ta kawo ƙarar wurina ne don ni ne kawunsa, kuma ni ke koyar da motsa jiki a ƙaramar sakandaren da ke kusa da mu. Da yamma kuma ina tare da yaran ƙauyenmu a filin ƙwallo na bayan makabarta, 'yan shekara 13 zuwa 17. Koci suke ce mini, ko da yake ba wanda ya naɗa ni, usur kawai na saya.

Washegari na ɗauki ƙarfen na kai wurin masu sayen riɗi, na roƙi aron sikeli. Kilo 22. Na ɗora gefe guda a kan sikelin ɗayan a kan dutse, na juya na sake gwadawa, sai na ga wani gwangwanin ya fi wani nauyi da kusan kilo 2. Wato wata uku yaron nan yana kwanciya a kan benci a bayan ɗakinsu, ba mai kula da shi, yana ɗaga abin da ya karkace a saman maƙogwaronsa. Wannan ne ya tayar mini da hankali, maganar tsawo ko a jikina.

Amma tsoron Yaya yana da tushe. Duk wanda ya taɓa gwaguyar ƙafar ɗan akuya ya san cewa kan ƙashin yakan ɓalle kamar murfi, a ga wani farin guringuntsi a tsakani. A tsohon bunsuru ba za ka ga haka ba, ƙashin ya haɗe ya zama guda. Ɗan Adam ma haka yake. A kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro, a cinya da ƙwauri da hannu, akwai wannan guringuntsi, kuma daga nan ƙashi yake ƙara tsawo. Ya fi sauran ƙashin laushi, kuma ba ya rufewa sai yaro ya gama girma, ga maza galibi a ƙarshen shekarun samartaka. In ya samu mummunan rauni, ƙashin na iya tsayawa ko ya karkace. Daga nan maganar ta samo asali. Sai dai raunukan da likitoci suka gani a wannan wuri wajen masu ɗaga ƙarfe, yawanci na yaran da suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu ne, ba mai kula da su, ko nauyin ya suɓuce ya faɗo musu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2020 tana cewa atisayen ƙarfi da aka tsara, ake kuma sa ido a kai, ba ya hana yaro tsawo. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa yin motsin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Ƙashi ma son nauyi yake, da shi yake ƙara ƙwari.

Na gaya wa Yaya wannan a taƙaice. Akwai abin da ban gaya mata ba, don ba ka faɗa wa uwa irinsa a tsakar gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ba ɗayansu da ya taɓa ɗaga gwangwanin siminti. Abinci ne da yawan ciwo tun ana goye. In muna neman abin da ke danne yaranmu, can ya kamata mu duba.

Shi kuwa yaron damuwarsa daban. Da na samu zama da shi a gindin darbejiya, sai da ya gama wasa da ƙasa sannan ya ce, "Kawu, ni fa ba na ganin komai. Rana ɗaya muka fara da ɗan maƙeri, ƙarfe ɗaya muke ɗagawa. Shi ga ƙirji nan har riga ta matse shi, ni kuwa dubi." Ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtse kamar sillen kara.

Na ce, ranar da ka fara, sau nawa ka ɗaga?

"Huɗu. Na biyar ya ƙi."

Yanzu fa?

"Sha uku."

Na ce to, daga huɗu zuwa sha uku, aljanu ne suke taya ka?

Wannan shi ne abin da yara ba su sani ba, manya ma da yawa ba su sani ba. Ƙarfi yana riga ƙwanji zuwa. Tsoka ba dunƙule ɗaya ba ce, zare-zare ne dubbai a ɗaure, kuma ba sa motsi sai saƙo ya zo musu daga ƙwaƙwalwa ta jijiya. Na ba shi misali da gayya, tunda ya san ta. Mai gona ya kira gayya, gari cike da majiya ƙarfi, amma mutum goma ne suka fito, su ma kowa na sara lokacin da ya ga dama. Mako ya zagayo, mutum talatin suka fito, ga mai gangar noma, fartanya na sauka tare tana tashi tare. Garin bai ƙaru da mutum ko ɗaya ba, amma aikin ya ninka. A makonnin farko na atisaye abin da ke faruwa ke nan: ƙwaƙwalwa na koyon kiran zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda, tana koyon jera su, tana kuma koya wa tsokar da ke ɗaya gefen ta saki kada ta yi ja-in-ja. Ko babban mutum ne ya fara, sai ya yi kamar wata biyu kafin a fara ganin tsokar ta yi kauri. Yaron da bai balaga ba kuwa, kusan duk ƙarfin da zai ƙara ta wannan hanya zai zo. Zai yi ƙarfi sosai, amma madubi ba zai ba shi labari ba.

Kaurin tsoka yana jiran balaga. A lokacin ne jikin namiji ke fara zubo sinadarin da ake kira testosteron da yawa, wanda a jinin baligin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye. Shi ne ke buɗe murya, ya fito da gashin baki, ya faɗaɗa kafaɗa, shi ne kuma ke ba tsoka damar ɗaukar nama in an ba ta aiki. Na ce masa ya tuna fuskar ɗan maƙeri. Zakaran wuya ya fito, murya kamar ta babansa, gashin baki har ya fara neman reza. Shi kuwa namu, in ya yi sallama a ƙofar gida har yanzu mata ba sa neman mayafi. Su biyun 'yan shekara 15 ne, rana ɗaya ma aka yi musu kaciya, amma jikin ɗaya ya riga na ɗayan da wajen shekara biyu. Kuma akwai tsari a abin: namiji yakan yi zaburar tsawo a wajen shekara 14, wani kafin nan wani bayan nan, sai bayan watanni tsoka ta biyo baya ta cike. Shi ya sa za ka ga saurayi ya zama zangarniya, ƙafa ta yi tsawo, gudu ya rikice masa, ƙwallon da yake tarewa bara bana tana wuce shi. Ba lalacewa ya yi ba, jikin ne ya yi masa sabon awo bai saba ba.

Abin da ke ba ni haushi a nan mu ne masu horar da yara. In za a fita gasar ƙauyuka, idonmu na kan wanda ya riga balaga, don shi zai ture kowa ya ci mana wasa. Ƙaramin sai ɗaukar jarkar ruwa. Bayan shekara uku ƙaramin ya kamo shi a jiki, amma ya riga ya bar fili ya koma tallan rake. Ni ma na yi wannan kuskure, ba sau ɗaya ba. 'Yan mata kuwa su ma suna ƙara ƙarfi sosai da atisaye, sai dai tsokarsu ba ta kumbura irin ta maza, saboda wannan sinadarin dai.

Wani dattijo da ke zama a bakin filinmu yana kallo ya taɓa jefo mini tambayar da ta fi ta ɗalibai wuya. Ya ce, "Malam, yaran nan tun suna shekara bakwai suke noma, suna jan guga, suna dakon itace. In nauyi ne ke sa ƙwanji, me ya sa ba su zama samudawa ba?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma yaran karkara suna da ƙarfin da na birni ba su da shi, musamman a riƙo da baya da juriya. Amma tsoka ba ta ƙara kauri sai an ba ta abin da ya ɗan zarce wanda ta saba, a kuma ci gaba da ƙarawa. Fartanya nauyinta ɗaya ne daga shuka har maimai. Guga ma haka. Jiki ya saba da su, ya koyi yin aikin tun safe har azahar ba tare da ya gaji ba, shi ke nan ya tsaya. Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wai kullum yana saɓa maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma shi ma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Tatsuniya ce, kuma duk wanda ya yi kiwo ya san maraƙi ya fi mutum saurin girma. Amma dabarar daidai take. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, da ita ya farfaɗo da ƙafafun sojojin da suka ji rauni a wajen 1945, yana ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan, kuma daga aikinsa ne tsarin ɗagawa sau goma-goma har zagaye uku ya bazu.

Sannan ba a fili tsoka ke ginuwa ba. A fili wahalar da ita ake yi. Ginin yana zuwa bayan an tashi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu, lokacin da jiki ke ɗinke zaruruwan yana ƙara musu kauri. Wannan yana buƙatar abinci, hutu da barci. To, lokacin da yaranmu suka fi shan aiki shi ne tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Aiki ya yi yawa, kwano ya ragu. Jiki ba zai yi gini ba alhali yana bin bashin abin da ya ƙona. Ba banza ba 'yan kokawa da 'yan dambe suke fitowa da kaka, bayan amfani ya shigo gida.

Barci kuwa, masana sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Yaranmu suna gidan kallo har a tashi wasan Turai wajen sha ɗaya na dare, a tsaya musu a bakin mai shayi kan wanda ya ɓarar da fanareti, a kwanta sha biyu, a tashi asuba. Ku ƙirga da kanku. Na hana su, sun ƙi. Ni ma in ƙungiyata na wasa a bencin bayansu nake zama, don haka muryata ba ta da ƙarfi a wannan magana.

Kan abinci na zauna na yi wa Yaya lissafi a bayan takardar jarrabawa. Matashin da ke atisaye yana buƙatar wajen giram ɗaya da rabi na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Yaronta kilo 42 ne a lokacin, kusan giram 60 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, sai ya ci goma kullum, wanda ko ɗan hakimi ba a yi masa. Amma giram 100 na busasshen wake yana da wajen 23, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35, gero ma yana da wajen 11. Wato abin yana cikin gida. Garau-garau da wake ya fi shinkafa yawa, ɗanwake, ƙosai da safe maimakon koko zalla, awara ta yamma, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, fura da nono mai kauri ba tsala ba. Hatsi da wake in sun haɗu a ciki, abin da ɗaya ya rasa ɗayan na cikewa. Yaya ta kalli takardar ta ce, "Wato dai cin nasa ne zai ƙaru." Na ce ƙwarai. Ta ce to ni zan riƙa sayen awarar.

Ana nan, bayan kamar wata biyu, na lura fuskar wani yaro mai tsare mana baya a ƙwallo ta yi tantsan-tantsan, kumatu sun ciko, abokansa na ce masa ya samu duniya. Amma a fili ya zama shi ne na ƙarshe a gudu, in ya tsugunna da kyar yake miƙewa. Na ja shi gefe. Da ƙyar ya fito da ƙullin leda daga aljihu, ƙananan ƙwayoyi farare. Sha-ka-fashe. Wani ne ya ce masa ita ke sa jiki. Na duba sachet ɗin da ya rage, dexamethasone ce. Magani ne na gaske mai amfani in likita ya rubuta, amma in aka daɗe ana sha, ruwa yake tarawa a jiki, ya tura kitse fuska da ciki, ya cinye tsokar cinya da damtse, ya raunana ƙashi, ya tayar da sukari, kuma a jikin yaro yana rage tsawo. Wato duk abin da Yaya take tsoro daga siminti, ga shi a ƙullin leda na kuɗi kaɗan. Ba a kuma yanke shi rana ɗaya in an jima ana sha, sai a hankali. Na ɗauke shi a babur muka je asibiti, aka tsara masa yadda zai rage. Ɗaya nau'in, allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji da samarin birni ke nema, su kuma suna iya rufe guringuntsin nan kafin lokacinsa, yaro ya tsaya a inda yake har abada. Daga baya ɗan Yaya ya gaya mini shi ma an yi masa tayi, kuɗi ne ba shi da su.

Tun daga nan na shigar da atisayen ƙarfi cikin abin da muke yi a fili, don in ban ba su a gabana ba za su yi a bayan ɗaki. Litinin da Alhamis, rabin awa kafin a buga. Ba mu da kayan zamani. Buhunan siminti na wofi muka ɗura wa yashi, muka kai sikelin riɗi, muka rubuta nauyin kowanne da fenti: 5, 8, 10, 15. Sabon shiga ba ya taɓa buhu sai ya iya tsugunnawa ya miƙe da jikinsa kawai, diddige a ƙasa, baya a miƙe, gwiwa ba ta faɗa ciki ba. Sai dafa ƙasa a sauka a tashi, sai rataya a reshen darbejiya a ja jiki sama. Wanda ya ɗauki buhu, dokar ita ce nauyin da zai iya yi sau 8 zuwa 12 da kyau. Ya kai 12 cikin sauƙi mako biyu a jere, ya koma buhu na gaba. Gasar wa ya fi wa ɗagawa sau ɗaya, na haramta. Ba wanda ke ɗaga komai a saman wuyansa ba mutum a tsaye a kansa. Tsallen kwaɗo na horo da aka yi mana muna ɗalibai, shi ma na daina sa shi.

Ɗumama jiki kuma muna bin wani tsari na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya mai suna FIFA 11+, wanda bai wuce minti 20 ba kuma ba ya buƙatar komai sai fili. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, aka buga sakamakon a 2014, raunuka suka ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Akwai wani atisaye a cikin tsarin da yaro ke durƙusawa, abokinsa ya danne masa dugadugai, shi kuma ya tafi gaba a hankali kamar zai faɗi da fuska. Bayan cinya yake ƙarfafawa. Yaran sun sa masa suna "gaida sarki", kuma ba wanda suke ƙi kamarsa.

Wanda na fi sa wa ido shi ne yaron da ke cikin zaburar tsawo. In ya ce ƙasan ƙoƙon gwiwarsa na ciwo, na taɓa na ji wani ƙullutu a saman ƙwauri, na san jijiyar cinya ce ke jan wurin da bai gama ƙwari ba. Ba targaɗe ba ne, ba na maɗori ba ne, kuma matsa shi da ƙarfi ƙara masa ciwo yake. Rage gudu da tsalle ake yi, yawanci yana wucewa in girma ya kammala. Akwai kuma yara biyu da ke sha'awar dambe, kullum hannun da suke naɗewa kawai suke son ba wa aiki. Sai na tsaya a kansu kafin su yi wa ɗayan.

Yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan. A bangon zaurena akwai zane-zanen gawayi, inda nake auna ɗan Yaya duk farkon wata. Wata bakwai na farko layukan kusan a kan juna suke. Daga bazarar da ta wuce suka fara rabuwa, yanzu tsakanin na farko da na ƙarshe ya kai faɗin tafin hannuna. Ba buhun yashi ne ya ja shi ba, lokacinsa ne ya zo. Murya tana fashewa, in ya kira a ba shi ƙwallo sai ta tsinke a tsakiya yara su yi ta dariya. Damtsen har yau bai kai na ɗan maƙeri ba, amma buhu mai lamba 15 yake runguma ya tsugunna sau goma, kuma an daina ture shi a tsakiyar fili.

Ƙarfen simintin yana gidan Yaya. Na ce a fasa shi, ta ce a'a. Akuyarta mai tsinke turke ta ɗaure a jiki, kuma tun daga ranar ba ta sake shiga gonar maƙwabta ba.